Ranar da Malama Ta Faɗi a Gaban Allo

Alli na hannunta lokacin da ta ji ajin ya soma juyawa.

Ajin safe ne, ajin manya. Akwai wani tsohon tela da ba ya zama ko'ina sai layin gaba, da wasu mata ma'aikatan otal, da samari masu neman aikin jirgin ruwa. Duk sun zo koyon Turanci ne a wurin wannan baƙuwar da ta taso daga ƙasa mai nisa. Malama suke ce mata, har shugabar makarantar ma haka take kiranta. A gida kuwa ita ce Auta.

Darasin ranar a kan yadda ake ba da labarin abin da ya riga ya wuce ne. Tsohon tela ya miƙe da ƙarfin gwiwa ya harhaɗa jimlarsa, wadda in aka juya ta zuwa Hausa za ta zama, "Jiya zan je kasuwa, gobe na dawo."

Aji ya kwashe da dariya. Ita ma ta so ta yi, har ta buɗe baki za ta tsokane shi, sai ta ji harshenta ya yi nauyi. Rubutun kan allo ya rabu gida biyu. Ta miƙa hannu za ta dafa teburi, teburin ya yi mata nisa.

Daga nan ba ta sake sanin inda kanta yake ba.

Duk wanda ya san yadda take rayuwa ba zai yi mamaki ba. Da safe tana aji. Da rana ta hau bas zuwa jami'a, inda take karatun digiri na biyu. Da yamma ta dawo makarantar ta riƙe ajin duk malamin da ya ce uzuri ya taso masa, don bakinta bai iya furta a'a ba. Ta koma gida da jaka cike da takardun gyara, ga babin bincikenta da malamin jami'a ke jira. Abinci a tsaye, barci a zaune.

Wuri ɗaya take samun barci mai daɗi, kujerar da ke bayan direba a bas ɗin jami'a. A nan ma suka haɗu da direban. Wata rana ya ji ta tana waya da Hausa, jan biro a hannunta, takardu a cinyarta. Kafin su kai barci ya kwashe ta. Da ya tsaya a ƙofar jami'a sai ya juyo ya ce, "Malama, a tashi, an iso."

Ta farka a firgice, jin harshen gida a bakin mutumin da ta ɗauka ɗan ƙasar ne. Tun daga ranar yake tashinta, har magana ta yi nisa, ta kai ga zancen aure. A nan ne kuma Yaya, wanta da take zaune a gidansa, ya ce sam.

* * *

A gadon asibiti ta farka, robar ƙarin ruwa a hannunta. Fuskar da ta fara gani ta Likita ce.

Likita aminin yayanta ne tun suna samari, mutum mai sanyin magana, wanda bai taɓa shiga gidansu hannu rabbana ba. Ya daɗe da gaya wa Yaya yana son Auta, Yaya kuma ya daɗe da ba shi ita a zuciyarsa.

"Sannu, Auta. Kin gane ni?"

Ta gyaɗa kai a hankali. "Ajina fa? Ban gama darasin ba."

Ya yi ɗan murmushi. "Ai ajin naki ne suka kawo ki. Wani tsoho ya ƙi tafiya sai da na rantse masa kina numfashi. Jininki ya yi ƙasa, cikinki babu komai, rabonki da barcin kirki kuwa ke kaɗai kika sani. Ban samu wata cuta ba. Jikinki ne ya gaji da roƙonki, ya yanke hukunci da kansa."

Hawaye suka gangaro mata ta gefen ido har cikin kunne, ba kuma na ciwo ba. Tunawa ta yi a inda ta faɗi, ƙasar da ba ta da kowa sai Yaya da matarsa, cikin mutanen da ko sunanta ba su iya faɗa daidai ba. Amma su ne suka cicciɓe ta, suka tsayar da mota, suka cika barandar asibiti suna jira. Ta yi hamdala a zuciyarta, ta sake yi.

"Na gode, Likita."

"Ajiye godiyar, buɗe baki ki sha wannan."

Har aka sallame ta shi ke tsaye a kanta. In ya gama zagayen marasa lafiyarsa sai ya dawo ya duba ruwan, ya gyara mata labule don hasken taga, ya fita ba tare da ya ce komai a kan abin da ke ransa ba. Wannan shirun nasa ya fi komai yi mata nauyi.

* * *

Gidan Yaya a hawa na sama yake, falo ƙarami da taga mai kallon titi. Tana kwance a doguwar kujera, Anti matar Yaya ta lulluɓe ta da bargo ta ajiye mata shayi, sai ga Yaya ya shigo. Bai ko cire takalmi ba ya jawo kujera ya zauna a gabanta.

"Tashi zaune, Auta. Magana za mu yi."

Ta tashi.

"Da aka kira ni a wurin aiki aka ce kin faɗi, kin san abin da na tuna? Ranar da aka kira ni aka ce Abba ya faɗi a shago. Shi ma haka ya yi ta ce mana lafiyarsa ƙalau, gajiya ce kawai." Ya yi gyaran murya. "Ni na kawo ki ƙasar nan. Ni na durƙusa gaban Umma na ce ta ba ni amanarki. Me kike so in ce mata?"

"Yaya, kuskure na yi. Zan gyara."

"Na riga na gyara miki. Likita ya sake yi mini magana. Ya ce in kin aure shi ko cokali ba sai kin ɗaga ba. Ki ajiye koyarwar nan, karatun ma in kin ga dama ki ajiye, ki huta kamar kowace 'yar gata. Ba dole nake miki ba, ban taɓa yi miki dole ba. Amma ɗan bas ɗin nan kam, ki cire shi daga ranki."

"Me ya yi maka, Yaya?"

"Ke me ya yi miki? Mutumin da ke fita kafin gari ya waye, ya dawo ba ya iya miƙe bayansa. Gajiyayye ya auri gajiyayyiya, wa zai ɗauki wani? Kuma ba shi ne ya zuga ki kika ci gaba da digirin nan ba?"

"Bai zuga ni ba. Ni na ce ina so, shi kuma ya ce zan iya."

"To ai mun ga iyawar, a gadon asibiti."

Kuka ya ƙwace mata. Ta zamo daga kujerar ta durƙusa a gabansa, bargon ya zame daga kafaɗarta.

"Yaya, wallahi ban manta ba. Kai ka ajiye naka karatun ka riƙe mu da Abba ya rasu. Kai ka raka ni jarrabawa, ka tsaya a rana har na fito. Duk abin da na zama, bayan Allah kai ne. In ka ce in bar shi, ba ni da idon da zan ɗaga in ce maka a'a. Shi ya sa nake roƙonka, don girman Allah kada ka ce."

Yaya ya kawar da kai ya kalli taga.

"Na riga na ce," in ji shi, ya tashi ya shige ɗaki.

* * *

Anti ce ta shirya haɗuwarta da Direba, da rana tsaka Yaya na wurin aiki.

"Yana ƙasa a kan bencin ƙofar gida," ta ce tana miƙa mata mayafi. "Ki sauka a hankali. Ina kallonku ta taga, kuma in yayanki ya dawo ban san ki ba, ban san shi ba."

Yana zaune da kayan aikinsa a jiki, ledar lemo a gefensa. Ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa. Da ya gan ta ya miƙe zumbur, sai kuma ya rasa abin da zai yi da hannuwansa.

"Malama. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Ba ka zo ba."

"Na zo." Ya sunkuyar da kai. "Ranar da ba ki hau ba, na tsaya a tasharku har fasinjoji suka fara zagina. Da na tashi aiki na je makarantarku, aka gaya mini. Na je asibitin, na hango ki ta ƙofa kina barci, Likita na gyara miki matashi. Yayanki ya tare ni a baranda ya ce in koma."

"Shi ke nan sai ka koma?"

"Gaskiya ya faɗa mini, shi ya sa."

Ta zauna a ƙarshen bencin. Shi ma ya zauna a ɗaya ƙarshen, ledar lemon a tsakaninsu.

"Kullum ina ganinki ta madubi," ya ce, "kina barci a bayana, kanki na bugun gilashi. Daɗi nake ji, wai kin samu wurin hutawa a wajena. Har rage gudu nake in mun zo ramuka. Ban taɓa tambayar kaina me zai sa mace mai gida da gado ta riƙa barci a bas ba. Ciwo ne yake cin ki a gabana, ni kuwa ina ta murna."

"Ba laifinka ba ne."

"Ko ba laifina ba ne, me zan ba ki? Ɗaki ɗaya, da miji mai dawowa yana warin man mota. Shi zai ba ki hutu, ni gajiya zan ƙara miki." Ya ja dogon numfashi. "Kamfaninmu na neman direbobi a wani gari mai nisa. Na ba da sunana."

Ta juyo ta dube shi, idanunta sun kaɗa sun yi jawur.

"Wato kai ma ka yanke naka. Yaya ya yanke, Likita ya yanke, jikina ma an ce ya yanke, yanzu ga naka. Ni kaɗai ce ba wanda ya tambaya."

"So nake ki rayu, Malama."

"Ni kuma da kai nake so in rayu! Ka taɓa jin na ce maka ina son hutun da babu kai a ciki? Kai kaɗai ne ka taɓa tambayata me na koyar yau, ka saurara har in gama. Kai kaɗai ne da na ce ina son karatu ba ka ce ya isa haka ba. Yanzu don na faɗi sau ɗaya, shi ne za ka tattara ka bar ni da mutanen da ke ganin maganina shi ne a ajiye ni a falo kamar fure?"

Hawaye na bin fuskarsa, bai ko share ba.

"In na tsaya na raba ki da yayanki, ba za ki yafe mini ba. Ko kin yafe, ni ba zan yafe wa kaina ba." Ya miƙe. "Lokacin aikina ya yi. Ki sha lemon, don Allah. Ki ci abinci a zaune."

Ta bi bayansa da kallo har ya sha kwana. Bai waiwayo ba, amma ta ga ya tsaya a bakin kwanar ya dafa bango kafin ya wuce.

* * *

Anti ta bar ta ta yi kukanta har ta gode Allah, tana bubbuga bayanta. Da kukan ya lafa sai ta ɗago ta, ta zaunar da ita sosai.

"To ya isa. Yanzu bari in gaya miki abin da mazan nan uku suka kasa. Ba Direba ne ya kayar da ke ba, ba kuma digiri ba. Ke kika kayar da kanki. Da kin faɗi a'a da bakinki, da ba ki faɗi a gaban allo ba."

"Anti..."

"Ba Anti ba. Wannan ya ce Malama riƙe mini ajina, ki ce to. Wancan ya ce gyara mini takarduna, ki ce to. Ni kaina nan in na ce ki taya ni guga, kina layi don barci, sai ki ce to. Gani kike don an karɓe ki a ƙasar mutane, in kin ce a'a kin yi butulci. Kin mai da godiya bauta. Ga shi yanzu kina shirin auren mutum don ya sa miki ƙarin ruwa. Ke, aikinsa ne fa! Da duk wadda ya sa wa ruwa aurensa take, ai da asibitin nan gaba ɗaya gidansa ne."

Dariya ta suɓuce wa Malama cikin kuka, har ta shaƙe.

"Yayanki ba mugu ba ne, tsoro ne ke cin sa," in ji Anti, muryarta ta yi laushi. "In kina so ya yarda za ki iya riƙe gida, ki fara nuna masa kin iya riƙe kanki."

Maganar ta zauna mata daram. Ta riƙe hannun Anti tana mamakin yadda Allah ya ba ta uwa a jikin matar wa.

* * *

Ranar da ta koma makaranta, ofishin shugaba ta fara shiga. Shugabar dattijuwa ce mai tabarau, ba ta cika fara'a ba. Malama ta tsaya a gaban teburinta.

"Ina son aikina," ta ce. "Amma ba zan sake karɓar ajin yamma ba. Na safe kaɗai zan iya. Kuma akwai rana ɗaya a mako da ba za a same ni ba, ko a waya."

Ta rufe ido tana jiran a ce ta ajiye makullin aji.

Shugabar ta cire tabarau ta dube ta. "Ni ya kamata in faɗa miki haka tun tuni," ta ce. "Na ga kina ramewa, amma aikin na tafiya daidai, sai na yi shiru. Ki yi haƙuri. Je ki, ɗalibanki sun hana ni sakat da tambaya."

Da ta tura ƙofar ajin, duk suka miƙe. A gaban allo, inda ta saba tsayawa, an ajiye kujera mai hannu, a kanta matashi sabo fil. Tsohon tela ne ya ɗinka shi. Ya matso, ya gyara tsayuwa, ya faɗi jimlar da ga alama ya sha maimaita ta a gida, cikin Turanci mai kyau, babu kuskure ko ɗaya.

"Malamarmu ta faɗi, mun ji tsoro. Yau ta dawo, muna murna. Daga gobe za ta koyar a zaune."

Aji ya ɗauki tafi. Ita kuwa ta zauna a kujerar ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Ɗaya daga cikin matan otal ta ajiye mata kofin ruwa, ɗayar ta tsaya tana shafa mata baya, ba wanda ya ce ta daina.

A jami'a ma ba ta sha wuyar da ta zata ba. Malamin da ke duba bincikenta ya ƙara mata wa'adi, har ya ce ya fi son babi mai kyau a makare a kan ɗaliba a asibiti.

Sannu a hankali rayuwarta ta sake tsari. Aji da safe, jami'a da rana, da yamma tana gida. Takardun gyara ba sa bin ta ɗakin barci. Ranar hutunta ta kashe waya, ta yi barci har rana ta fito, ta zauna da Anti a kicin suna hira. Kumatunta suka fara dawowa. Abu ɗaya ne bai dawo ba. In ta hau bas ɗin jami'a, wani ne a kujerar direba, don ya nemi a sauya masa hanya. Sai ta zauna can baya, idonta biyu har a iso.

Yaya na ganin duk wannan.

* * *

Wata yamma Likita ya zo duba ta. Ya auna jininta, ya gyaɗa kai cikin jin daɗi.

"Madalla. Wannan ita ce Autar da na sani."

Yana naɗe abin awon ta ce, "Likita, ina da magana." Anti na kicin, ƙarar cokula ta tsaya cak.

"Ina jin ki."

"Har in koma ga Allah ba zan daina yi maka addu'a ba. Abin da ka yi mini, ɗan'uwa na jini iyakar abin da zai yi ke nan. Na yi ta neman yadda zan so ka, wallahi na nema, don ka cancanta." Hawaye suka cika idonta. "Amma in na aure ka, godiya zan kai gidanka, ba so ba. Kai kuwa ka wuce a ba ka godiya a ce maka so ne."

Ya sa abin awon a jaka, ya ja zif a hankali kamar mai tsoron kada ya yi ƙara.

"Da kika farfaɗo a asibiti, ajinki kika tambaya," ya ce. "Da kika koma barci, direban kika kira. Ni da ke tsaye a kanki ban fito a ko ɗaya ba." Ya yi wata 'yar dariya mai ciwo. "Na ji da kunnena, na yi kamar ban ji ba. Na ce wataƙila in na daure za ki juyo."

"Ka yafe mini."

"Me kika yi? Gara da kika faɗa yanzu." Ya miƙe ya ɗauki jakarsa. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba. "Ki ci gaba da shan maganin jinin. Yayanki kuma ki bar ni da shi."

* * *

Ranar hutunta ce, da hantsi, tana zaune tana shan shayi Yaya ya fito daga ɗaki ya zauna kusa da ita. Rabon da ya yi haka tun kafin asibiti.

"Likita ya same ni a wurin aiki," ya ce yana kallon kofinta. "Ya ce ya janye. Ya kuma wanke ni tas, abin da bai taɓa yi ba tun muna yara. Wai ina son in rufe ki a keji don ina tsoron makoki."

Ta ɗago ta dube shi.

"Shekaranjiya na ji ki a waya kina ce wa wani malami ba za ki iya riƙe masa aji ba. Sai da na leƙo don in tabbatar ke ce." Ya shafa gemunsa. "Abba bai taɓa iya faɗin haka ba. Da ya iya, wataƙila da yana nan."

"Yaya..."

"Bari in gama, kada in fasa. Ki ce wa ɗan bas ɗin..." Ya tsaya. "Ki ce wa Direban ya zo. Ban yi miki alkawarin komai ba. Zan dai zauna da shi in ji wane ne shi."

Kofin ya kusa suɓuce mata. Ta durƙusa ta kama gwiwarsa tana kuka tana jero addu'a, Allah ya saka, Allah ya raya masa zuriya, Allah ya jiƙan Abba. Anti ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana share ido da gefen zani.

"Tashi ki kira shi mana," in ji Anti, "kin tsaya jiƙa wa mijina wando."

Ta kunna wayar. Ta kira, a kashe. Ta sake kira, a kashe. Sai ta lalubo lambar abokin aikinsa da suke zama gida ɗaya.

"Malama ce? Ai kin makara kaɗan. Sauyin wurin aikin nan ya fito masa, yau zai tafi. Bai daɗe da fita da jakarsa ba, ya nufi tashar jirgin ƙasa. Ya ce kada in gaya miki sai ya isa."

Wayar ta zame daga kunnenta. Ta tsaya a tsakiyar falon kamar an dasa ta. Yaya ya ji komai, don muryar mutumin ta fito sarai.

Ya dube ta. Ya dubi Anti. Sai ya miƙa hannu ya zari makullin mota daga jikin ƙusa.

"Me kike jira? Ɗauko mayafinki."

"Yaya, kai da kanka..."

"In zan ƙi mutum, sai na gan shi ido da ido tukuna. Ba zai gudu ya bar ni da ke kina kuka a falo ba. Taso!"

"Yaya, na gode, wallahi na..."

"Ki yi godiyar a mota."

Suka sauka da gudu, Anti na leƙowa ta saman bene tana ƙwala musu kira, "A hankali da ita, marar lafiya ce fa!"

Ko rufe ƙofar motar ba ta gama yi ba, Yaya, mutumin da duk unguwa ke yi wa tsiya don tuƙin tsofaffi, ya taka mai har tayoyin suka yi ƙara.